Suna da Abin da Ke Cikin Kwalba: Tarihin Gonakin Inabi na Burgandi

A gabashin ƙasar Faransa akwai wani lardi da Faransawa ke kira Bourgogne, a wasu ƙasashe kuma an fi saninsa da Burgandi. In mutum ya tashi daga birnin Dijon ya nufi kudu, zai bi gindin wani jerin tuddai mai tsawon kimanin kilomita 60. Gonakin da ke kwance a jikin tuddan sirara ne, a wurare da yawa faɗinsu bai kai kilomita 2 ba. Ƙasar tsakuwa ce da yumɓu a kan dutsen alli, manomin alkama ba zai yi sha'awarta ba. Amma daga wannan ɗan fili ne ake samun ruwan inabin da ke cikin mafi tsada a duniya. A watan Oktoba na 2018, a wurin wani gwanjo a birnin New York, an sayar da kwalba ɗaya ta shekarar 1945 daga gonar Romanée-Conti a kan dalar Amurka 558,000. Gonar duka ba ta kai hekta 2 ba.

Wanda ya biya wannan kuɗi bai buɗe kwalbar ya ɗanɗana kafin ya saya ba. Sunan da ke rubuce a jikinta ya gani, ya amince. Tarihin Burgandi labari ne na yadda sunan gona ya yi nauyi har haka, da kuma yadda ya zama tilas ga mutanen wurin su nemi hanyar gwada sunan, don a san ko abin da ke cikin kwalba ya cancanci abin da aka rubuta a bayanta. Hanya biyu suka bi. Ta ɗaya, su rufe sunan su ɗanɗana. Ta biyu, su kai kwalbar gaban abinci.

Sufaye da ganuwar dutse

Tun zamanin Romawa ake noman inabi a wannan yanki. A 2008 masu tonon kayan tarihi suka gano ramukan shukar inabi na ƙarni na 1 kusa da ƙauyen Gevrey-Chambertin. Bayan daular Rum ta wargaje, gonaki da yawa suka koma hannun ikkilisiya, gama sarakuna da masu dukiya sukan ba gidajen sufaye kyautar ƙasa. An kafa babban gidan sufaye na Cluny a 910. A 1098 kuma Robert na Molesme da 'yan'uwa kaɗan suka keɓe a wani daji mai fadama kudu da Dijon, suka kafa gidan Cîteaux, da nufin komawa ga rayuwar talauci da addu'a da aikin hannu.

Sufaye suna bukatar ruwan inabi saboda Jibin Ubangiji, da baƙi, da marasa lafiya, da kuma abincinsu na kullum. Dokar da Benedik na Nursiya ya rubuta a ƙarni na 6, wadda suke bi, ta yanka wa kowane sufi ɗan ma'auni guda a yini. Benedik da kansa ya nuna cewa ƙin sha shi ya fi dacewa da sufi, amma tun da mutanen zamaninsa ba za su iya ba, sai ya gargaɗe su kada su sha har su ƙoshi.

Fadamar Cîteaux ba ta yin inabi. Saboda haka tun wajen 1110 sufayen suka fara samun filaye a jikin tudu, a wani wuri da ake kira Vougeot. Suka yi ta haɗa kyauta da saye da musaya, har zuwa 1336 lokacin da aka gama kewaye gonar da ganuwar dutse. Ita ce Clos de Vougeot, mai hekta 50, ganuwarta tana nan har yau.

Sufaye sun fi sauran manoma da abu biyu. Sun iya rubutu, kuma gonarsu ba ta shiga rabon gado. In sufi ya mutu, wani ya ɗauki fartanyarsa a kan kunya ɗaya. Ta haka ilimin wuri ya taru daga tsara zuwa tsara: inda ruwa ke kwanciya, inda sanyin bazara ke ƙone toho, inda inabi ke riga nuna.

A 1395 mai mulkin Burgandi, Filibus mai laƙabin Jarumi, ya ba da doka a tumɓuke wani irin inabi da ake kira Gamay, mai yawan 'ya'ya, domin ya ce yana ɓata sunan ƙasarsa. Ya fi son Pinot Noir, wanda amfaninsa kaɗan ne amma ya fi kyau. Har yau kusan dukan jan ruwan inabi na waɗannan tuddai daga Pinot Noir ne, farin kuwa daga Chardonnay. Wannan yana da muhimmanci. Tun da iri ɗaya kowa ke shukawa, in ɗanɗano ya bambanta, sai a ce bambancin daga gona ne da hannun mai gonar.

A 1443 wazirin Burgandi, Nicolas Rolin, da matarsa Guigone de Salins suka gina asibitin matalauta a garin Beaune. Masu hali suka riƙa bar wa asibitin gadon gonakin inabi, har ya mallaki kimanin hekta 60. Tun daga 1859 ake gwanjon amfaninsu, yanzu a Lahadi ta uku ta watan Nuwamba, kuɗin kuwa na aikin asibiti ne da sadaka.

Yadda suna ya zama kuɗi

Kafin kwalba ta yawaita, a ganga ake cinikin ruwan inabi. Gangar Burgandi tana cin lita 228. A Beaune akwai dillalai rantsattsu waɗanda aikinsu shi ne su shiga ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa, su ɗanɗana, su shaida wa mai saye cewa kayan na kirki ne. Kayan aikin masu ɗanɗano wani ɗan ƙoƙon azurfa ne marar zurfi, mai ƙananan ramuka a cikinsa, wanda ake kira tastevin. Ramukan suna mayar da hasken kyandir, don a ga launi da tsabtar ruwan a cikin duhu.

Juyin juya halin Faransa na 1789 ya ƙwace dukiyar ikkilisiya. Aka kori sufayen Cîteaux, aka yi gwanjon Clos de Vougeot a 1791. Dokar gado ta Napoleon ta 1804 kuma ta wajabta a raba ƙasa tsakanin 'ya'ya duka. Gonaki suka yi ta tsagewa. Clos de Vougeot ta daɗe a hannu ɗaya, amma a 1889 aka yanka ta, yau tana da masu ita kimanin 80. Dukansu suna da ikon rubuta suna ɗaya a kwalba, ko da yake wani a saman tudu yake, wani a gindi inda ƙasa ta fi danshi, wani mai kula ne, wani kuwa ba haka ba.

A 1855 wani likita mai suna Jules Lavalle ya wallafa littafin da ya jera gonakin bisa ga darajarsu. Ƙauyuka suka ga cewa sunan gona ya fi sunan gari ciniki, sai suka shiga liƙa wa kansu sunan gonarsu mafi shahara. Gevrey ta zama Gevrey-Chambertin a 1847, Vosne ta zama Vosne-Romanée a 1866, Nuits ta zama Nuits-Saint-Georges a 1892. A 1879 ƙauyuka biyu maƙwabta, Puligny da Chassagne, kowanne ya ƙara Montrachet a sunansa. Mai saye na nesa da wuya ya rarrabe ruwan inabin ƙauye da na babbar gonar da ƙauyen ya ari sunanta.

Annoba da algus

Ana cikin haka sai wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Turai daga Amurka a jikin dashen inabi. Yana cin saiwa a ɓoye har kuringa ta bushe. An fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa a 1863, ya iso Meursault a Burgandi a 1878. Aka gwada magunguna iri iri, ba su kawar da shi ba. Abin da ya yi magani shi ne aure, irin wanda masu lambu ke yi wa mangwaro: a ɗaura reshen inabin Faransa a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Mutanen Burgandi suka yi ta gardama, sai a 1887 aka ba da izini. Masu Romanée-Conti suka riƙe tsofaffin kuringoginsu har 1945, sa'an nan suka tumɓuke. Kwalba 600 kaɗai aka samu a wannan shekara, ba a kuwa sake yin ruwan inabi a gonar ba sai 1952.

Da kaya suka yi ƙaranci, algus ya yawaita. 'Yan kasuwa sukan sayo ruwan inabi mai arha daga kudancin Faransa ko daga Aljeriya, wadda a ƙarƙashin mulkin mallaka ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da ruwan inabi a duniya. Su gauraya shi da na gida, su liƙa masa sunan Pommard ko Chambertin. Manomin kirki ya rasa kasuwa, gama ba zai iya sayarwa a farashin mai algus ba.

Gwamnati ta amsa da doka. A 1919 aka ba kotuna ikon shata iyakar kowane suna. A 1935 aka kafa hukumar da ke kula da sunayen asali, daga 1936 kuma ta fara tsara inda za a shuka, da irin da za a shuka, da yawan amfanin da za a ɗiba. Daraja ta zama hawa huɗu: na lardi, na ƙauye, na gonakin da ake kira premier cru, sa'an nan na manyan gonaki 33 da ake kira grand cru. Doka ta iya tabbatar da inda inabi ya fito. Amma ko mai gona ya yi aikinsa da kyau, wannan sai harshe.

Rufe suna

Shekarun 1930 sun yi wa Burgandi tsanani. Kasuwar Rasha ta rufe tun juyin 1917, Amurka ta haramta barasa daga 1920 zuwa 1933, tattalin arzikin duniya kuma ya karye a 1929. Ganguna suka cika ɗakunan ajiya, babu mai saye. A ranar 16 ga Nuwamba 1934, Georges Faiveley da Camille Rodier suka kafa wata ƙungiya a Nuits-Saint-Georges, suka ba ta sunan ƙoƙon nan na azurfa, wato Confrérie des Chevaliers du Tastevin. Dabararsu ita ce su gayyato baƙi cin abinci, su shayar da su abin da ba su iya sayarwa ba, da fatan baƙin za su koma su ba da labari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙungiyar ta zauna a tsohon ginin sufaye na Clos de Vougeot.

A 1950 ƙungiyar ta ƙirƙiro wani gwaji da ake kira Tastevinage. Mai gona ko ɗan kasuwa yakan aiko da kwalabensa da son ransa. A rufe kowace kwalba, a ba ta lamba. Masu ɗanɗano su zauna ƙungiya ƙungiya, manoma da dillalai da masu gidajen abinci da masana. Akan faɗa musu sunan yankin da shekarar girbi, amma ba a faɗa musu mai kayan. Su duba launi, su sansana, su kurɓa su juya a baki, su tofar a wani kwano, domin wanda ya haɗiye ba zai kai kwalba ta goma da hankalinsa ba. Abin da ake tambayarsu shi ne ko wannan ruwa ya cancanci sunan da yake ɗauke da shi. Wanda ya haye yana samun hatimin ƙungiya. Mafi yawa ba sa hayewa.

Faransawa suna kiran wannan ɗanɗano a makance, ko da yake kwalba ake rufewa, idon mutum a buɗe yake. Mai karanta Bishara ta Yahaya zai tuna da sura ta 2, inda uban biki a Kana ya ɗanɗana abin da barori suka kawo masa ba tare da ya san inda ya fito ba, ya kuwa yaba shi. Shaidarsa ta yi ƙarfi domin bai san kome ba sai abin da harshensa ya gaya masa.

Paris 1976 da Beaune 1980

Muddin kwalaben Burgandi ake gwadawa da 'yan'uwansu, darajar lardin ba ta cikin haɗari. Ranar 24 ga Mayu 1976 abin ya sake. Wani Bature ɗan Ingila, Steven Spurrier, mai shagon ruwan inabi a Paris, tare da abokiyar aikinsa Ba'amurkiya, Patricia Gallagher, suka shirya ɗanɗano a otal ɗin InterContinental, albarkacin cikar Amurka shekara 200 da samun 'yanci. Alƙalai 9 ne, dukansu Faransawa. A cikinsu akwai Aubert de Villaine na gidan Romanée-Conti, da Pierre Bréjoux na hukumar sunayen asali, da Odette Kahn mai shirya wata babbar mujallar ruwan inabi. Aka jera farin ruwan inabi kwalba 10, duka na Chardonnay, 6 daga Kalifoniya, 4 daga Burgandi, aka rufe sunayensu. Kowane alƙali ya ba da maki bisa 20.

Da aka haɗa maki, sai ga Chateau Montelena ta 1973 daga kwarin Napa a gaba. Wanda ya yi ta, Miljenko Grgich, baƙo ne haifaffen Kuroshiya. Meursault-Charmes ta gidan Roulot ta zo ta biyu, ta uku da ta huɗu kuma na Kalifoniya ne. Bâtard-Montrachet, wadda grand cru ce, ta zo ta bakwai. A ɓangaren ja ma, inda aka gwada Kalifoniya da Bordeaux, Stag's Leap ta Kalifoniya ce ta ci. Odette Kahn ta nemi a mayar mata da takardar makinta, ba a ba ta ba. Ɗan jarida ɗaya ne ya halarta, George Taber na mujallar Time, shi ya watsa labarin.

Gwajin yana da raunukansa. Kwalaben Kalifoniya sun fi yawa, makin alƙalan ya saɓa wa juna ƙwarai, kuma farare biyu na ƙarshe su ma na Kalifoniya ne. Duk da haka ba wanda ya ƙara iya cewa ruwan inabin kirki sai a Faransa.

Wasu Faransawa suka yi fushi, wasu suka yi shiru. Wani kuwa ya ɗauki darasi. A 1979, a wata gasa da mujallar Gault-Millau ta shirya a Paris, Pinot Noir ta 1975 daga gonar Eyrie ta David Lett a jihar Oregon ta Amurka ta shiga cikin goma na farko. Robert Drouhin, shugaban wani tsohon gidan ciniki a Beaune, ya so ya tabbatar da kansa. A 1980 ya sake shirya ɗanɗanon a garinsu, ya sa kwalaben gidansa masu kyau. Chambolle-Musigny ta 1959 ta gidansa ta zo ta ɗaya, Eyrie ta bi ta da ratar da ba ta kai maki ɗaya ba. Drouhin bai musa ba. A 1987 ya sayi fili a Oregon, ya danƙa wa 'yarsa Véronique aikin.

Iyakar harshe

Rufe suna ya tona wani abu kuma, wato raunin masu ɗanɗano su kansu. A 2001 Gil Morrot da Frédéric Brochet da Denis Dubourdieu suka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Jami'ar Bordeaux. An ba ɗalibai 54 masu koyon ilimin ruwan inabi farin ruwa wanda aka rina ja da launi marar ƙanshi. Da suka sansana, sai suka kwatanta shi da kalmomin da ake kwatanta jan ruwan inabi. Ido ya riga hanci yanke hukunci. A 2008 kuma Robert Hodgson ya wallafa binciken da ya yi a gasar bajekolin jihar Kalifoniya, inda aka ba alƙalai ruwa ɗaya sau uku a ɓoye. Kimanin ɗaya cikin goma ne suka ba shi daraja iri ɗaya kowane karo.

Inda harshe ya kasa, wani lokaci takarda ce ke ceto. A 2008 Laurent Ponsot, mai gona a ƙauyen Morey-Saint-Denis, ya ji za a yi gwanjon kwalaben Clos Saint-Denis na gidansa a New York, masu ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971. Gidansu kuwa bai fara yin wannan ruwa ba sai 1982. Ya hau jirgi ya je ya tsayar da cinikin. Mai kayan, Rudy Kurniawan, mutum ne da attajirai ke yabo saboda ƙwarewar harshensa. An kama shi a 2012, aka tarar da tsofaffin kwalabe da takardun jabu a gidansa, a 2014 aka ɗaure shi shekara 10. Shekara da shekaru masu kuɗi suna shan gaurayensa suna yabawa, domin sunan da suka gani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ya daɗe kafin a kai ƙarshensa.

Mahaɗi

Manoman Burgandi suna da wani ƙorafi game da ɗanɗano a makance. In an jera kwalba 30, kowace a kurɓe ta sau ɗaya a tofar, wadda ta fi ƙarfi da zaƙi ita ke fita. Nasu kuwa ruwa ne marar nauyi, mai ɗan tsami, wanda aka yi domin a sha da abinci. Kamar a ɗanɗana miya da cokali ne ba tare da tuwo ba. Za a san gishirinta, amma ba za a san yadda take tafiya da loma ba.

Al'adar zaɓa wa kowane abinci ruwan inabinsa ba ta kai gonakin tsufa ba. Sufayen farko ba sa cin naman dabba mai ƙafa huɗu sai marar lafiya. Gurasa da wake da ganye su ne yawan abincinsu. A gidajen sarakuna kuwa, har ƙarshen ƙarni na 18, akan jera akussa da yawa a tebur gaba ɗaya, kowa ya ɗebi abin da hannunsa ya kai. Sai a ƙarni na 19 aka ɗauki salon Rasha na kawo abinci ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ne ya yiwu a ce wannan kwalba ta kifi ce, waccan ta nama. Aka kuma tsayar da jeri: fari kafin ja, marar nauyi kafin mai nauyi, sabo kafin tsoho.

Tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu mutanen Burgandi suka ɗaure abincinsu da ruwan inabinsu da gangan, don neman kasuwa. Magajin garin Dijon, Gaston Gérard, ya buɗe bajekolin abinci a 1921. A 1923 Jules Lafon ya farfaɗo da walimar ƙarshen girbi a Meursault, inda kowa ke zuwa da kwalbarsa. A liyafar ƙungiyar Tastevin ɗaruruwan baƙi sukan zauna, kowane akushi da nasa ruwan.

Haɗe-haɗen da suka shahara suna da dalilai da za a iya bayyanawa. Jan ruwan inabi yana da wani sinadari daga ɓawo da ƙwayar inabi mai sa bauri, irin baurin goro. Yana kama furotin da ke cikin miyau, sai baki ya bushe. Nama da kitse suna rage wannan bauri. Shi ya sa ake haɗa jan Gevrey ko Pommard da naman shanun Charolais da aka dafa a hankali da albasa cikin jan ruwan inabi, ko da zakara da aka dafa haka. Tsamin farin ruwa kuwa yana wanke maiƙo, kamar yadda lemun tsami ke yi wa soyayyen kifi. Saboda haka ake ba Meursault kazar Bresse mai romon kitsen madara, ake kuma ba farin ruwa dodon koɗi da aka gasa da man shanu da tafarnuwa. A bakin kogin Saône ana dafa kifin kogi cikin farin ruwan inabi, a sha irinsa a kai. Chablis, daga arewacin lardin, an san shi da kawar teku, gonakinsa kuwa suna kan dutsen da ke cike da ɓawon ƙananan kawa na tekun da ya ƙafe tun zamanin da. Tsohuwar ƙa'idar nan ta kada a sha ja da kifi ma ta sami bayani a 2009, lokacin da masu bincike a Japan suka nuna cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin ruwan inabi shi ke tayar da ƙarni a baki. Yaji kuma yakan ƙara zafi in ya gamu da barasa, don haka ruwan Burgandi ba ya jituwa da abinci mai barkono da yawa.

Tebur ma yakan kunyata sanannen ra'ayi. An daɗe ana cewa cuku sai da ja. Amma cukun Époisses mai ƙarfin wari, wanda ya kusa ɓacewa kafin Robert da Simone Berthaut su farfaɗo da shi a 1956, yakan danne tsohon jan ruwa mai laushi, har masana da yawa suka koma ba shi fari. A 2010 UNESCO ta sa liyafar Faransawa cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, ta kuma ambaci haɗa abinci da ruwan inabi a cikin siffofinta.

Faransa ta kuma ɗanɗana ɗacin abin da Benedik ya yi gargaɗi a kai. Shaye-shaye ya yi wa gidaje da yawa ɓarna, har a 1956 gwamnati ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 ruwan inabi a makarantu, a 1991 kuma ta taƙaita tallar barasa. A shekarun 1960 abin da ake sha a ƙasar ya haura lita 100 ga kowane mutum a shekara. Yanzu bai kai rabin haka ba.

Abin da ya rage

A 2015 UNESCO ta sa gonakin tuddan Burgandi cikin wuraren tarihi na duniya, filaye 1,247, kowanne da sunansa da iyakarsa. Sufaye sun koma Cîteaux tun 1898, amma gonakin ba su koma hannunsu ba. Shanu suke kiwo, suna yin cuku suna sayarwa.

Sunan da suka fara ginawa ya wuce shekara 900, yana kuwa ciyar da dubban iyalai. Abin da tarihin ya nuna shi ne suna yakan riga kaya isa kasuwa, yakan kuma ci gaba da ciniki ko bayan kayan sun lalace. Magada na gari sun gane haka, shi ya sa suka yarda a riƙa rufe sunan kakanninsu a yi musu hukunci kamar baƙi. Sau biyu a shekara ana jera kwalabe a rufe a ginin Clos de Vougeot. Jikan mai babbar gona da ɗan ƙaramin manomi na gindin tudu duka lamba ake ba su, su koma gida su jira sakamako.